Adana Jemammiyar Fata na Tsawon Lokaci a Yola da Jimeta

Gabatarwa

Jihar Adamawa tana cikin jihohin da Allah ya albarkata da yawan dabbobi a Nijeriya. Shanu da awaki da tumaki suna cika kasuwannin Mubi da Ngurore, kuma duk dabbar da aka yanka tana barin fata ko ƙirgi. Cinikin fatu a wannan yanki tsohon abu ne. A zamanin mulkin Turawa jiragen ruwa kan iso Jimeta daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da kogin Binuwai ya cika, su yi lodin gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Ke nan tun wancan zamani mai fata yana tarawa ne ya ajiye, ya jira.

A yau farashi ake jira, ba jirgi ba. Fatu sun fi yawa da araha a kwanakin Babbar Sallah, saboda haka majemi mai ɗan jari yakan sayi abin da zai iya, ya jeme, ya riƙa sayar wa dukawa kaɗan-kaɗan har shekara ta zagayo. Sai dai a 'yan shekarun nan layya tana faɗowa ne a farkon damina. A shekarar 2024 an yi ta ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. Fatar da aka fara jima bayan Sallah tana shiga ɗakin ajiya ne gab da marka, wato lokacin da ya fi kowane haɗari gare ta. An shirya wannan darasi domin malaman gona, da manoma da makiyaya masu haɗa sana'arsu da jima ko dukanci ko sarin fata.

Abin da jima take yi, da wanda ba ta yi

Ɗanyar fata tana ruɓewa cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka bar ta cikin zafi. Jima ce take hana wannan. Bagaruwa tana ɗauke da wani sinadari da masana ke kira tanin, shi ne yake ba ta bauri. Idan ya ratsa fata yakan kama zare-zarenta ya ɗaure su, yadda ƙwayoyin cuta masu kawo ruɓa ba za su iya cin su ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka tun da an jeme fata, magana ta ƙare. Jemammiyar fata tana ci gaba da shan laima daga iska, tana kuma sakinta, kamar yadda hatsi yake yi a rumbu. Lafiyayyar fata takan riƙe ruwa kimanin kashi 12 zuwa 16 cikin ɗari na nauyinta. Idan ya haura haka, fumfuna ta samu wurin zama. Idan ya yi ƙasa ƙwarai, fatar ta ƙandare ta fara tsagewa. Aikin mai ajiya duka shi ne ya tsare fatarsa tsakanin waɗannan iyakoki biyu.

Wannan bayani ya shafi fatar da aka jeme da bagaruwa aka kuma busar. Akwai wadda manyan masana'antun Kano na Challawa da Sharaɗa suke jemewa da sinadarin kurom, mai fitowa shuɗi-shuɗi. Ita wannan, kafin a kammala aikinta, a jiƙe ake ajiye ta cikin leda, kuma idan ta bushe ta lalace. Kada a ɗauki dokar ɗaya a ɗora wa ɗaya.

Yanayin Yola da Jimeta

Garuruwan biyu suna cikin kwarin Binuwai. Jimeta tana bakin kogin, ga kuma tafkin Geriyo a gefenta. Ruwan sama yakan sauka daga Mayu zuwa Oktoba, kimanin milimita 900 a shekara, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. A waɗannan watanni laimar iska takan wuce kashi 70 cikin ɗari, musamman da dare da asuba. Fumfuna kuwa tana fara tsiro a kan fata da zarar laima ta zauna sama da kashi 65 zuwa 70, kuma ɗumin garin yana ƙara mata sauri.

Da hunturu ya shigo sai al'amari ya juya. Laima takan faɗi ƙasa da kashi 30, sannan a Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 40. Fatar da ta tsira daga fumfunar Agusta tana iya tsagewa a Maris. Saboda haka dabara guda ba ta isar mai ajiya a wannan yanki. Ɗakin da ake buɗe wa taga a wani wata shi ake rufewa a wani. Abin da ake nema shi ne laima tsakanin kashi 45 zuwa 60, da wuri mafi sanyi da za a iya samu a gidan.

Kafin fata ta shiga ɗakin ajiya

Yawancin asarar da ake ɗora wa ɗaki tun daga majema ta samo asali. Abu na farko shi ne a tabbatar jima ta ratsa. A sami wuƙa mai kaifi a yanki ɗan ƙyalle daga wurin da ya fi kauri, wato wuya ko gadon baya, a duba bakin yankan. Idan launin bagaruwa ya game daga sama har ƙasa, fata ta jemu. Idan aka ga farin layi a tsakiya, ko wani abu mai sheƙi kamar ganda, to cikinta ɗanye ne. Irin wannan fata ba ta ajiyuwa. Za ta yi wari da damina, ta ƙandare kamar katako da rani, kuma ita ƙwari suke fara bi. A mayar da ita ruwan bagaruwa, ko a sayar da ita da wuri a kan abin da take. An fi samun wannan matsala a ƙirgin sa saboda kaurinsa, da kuma lokacin da aiki ya yi wa majemi yawa bayan Sallah ya riƙa gaggawa.

Na biyu, a kankare duk ragowar nama da kitse daga cikin fatar, a kuma ɗauraye ta sosai bayan jima. Garin bagaruwar da ya maƙale a jiki abinci ne ga fumfuna.

Na uku shi ne mai. Majemanmu sun saba shafa man gyaɗa domin fata ta yi laushi, kuma wannan daidai ne. Matsalar tana wajen yawa. Man da fata ta shanye yana kare zare-zarenta, wanda ya kwanta a sama kuwa yana tara ƙura, ya ciyar da fumfuna, ya yi ɗoyi, ya kuma kira ɓeraye. A shafa kaɗan tun fatar tana da ɗan danshi, a murza, a goge abin da ya rage. Kada a kuskura a yi amfani da baƙin man mota.

Daga nan sai busarwa, a inuwa inda iska take kaɗawa. Da marka fata takan yaudari mai ita: sama ta bushe, ciki da saura. A ɗora ta a kumatu ko bayan hannu; idan aka ji sanyi-sanyi, ba ta gama ba. Wata hanya ita ce a ɗaure ɗan yankinta a cikin farar leda a ajiye a rana na ɗan lokaci. Idan leda ta yi gumi daga ciki, a ƙara wa fatun kwana a kan igiya.

Ɗakin ajiya

A zaɓi ɗakin da ba ya yoyo, wanda ƙasansa ba ya tsattsafo da ruwa, mai tagogi biyu suna kallon juna, an sa musu raga. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ko mai silin ya fi na kwano tsirara. Kwano yana gasa abin da ke kusa da shi da rana, da asuba kuma raɓa takan taru a cikinsa ta ɗiga. Wanda ba shi da sai ɗakin kwano, ya shimfiɗa zana ko tabarma a ƙarƙashin rufin, ya kuma bar tazarar mita guda tsakanin rufi da saman fatun.

Ba a ajiye fata a ƙasa, ko da an yi daɓen siminti. A yi gadon katako mai ɓula-ɓula yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi, tsayinsa daga ƙasa aƙalla santimita 30, a janye shi daga bango rabin mita domin mutum ya iya zagayawa. A unguwannin da ruwa ke shiga wannan tsayi bai isa ba. An ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru a kan ruwan sama mai yawa, an kuma ga wadda ta auka wa unguwannin Yola ta Kudu a ƙarshen Yulin 2025. Wanda gidansa ke kusa da kogi ko kwari ya ɗaga gadonsa ya kai ƙugu, ko ya kai kayansa gidan ɗan'uwa a kan tudu daga Agusta zuwa Oktoba. Ambaliya takan zo da dare, ba ta kuma ba mutum lokacin kwashe ƙiraga.

Ƙarfe abokin gābar fatar bagaruwa ne. Duk baduku ya san yadda ake samun baƙin rini na kuloko daga tsatsar ƙarfe. Abin da ke faruwa a tukunyar rini shi yake faruwa idan fata mai danshi ta taɓa ƙusa, ko waya, ko bakin ganga, ko ruwan da ya ɗigo daga tsohon kwano: baƙin tabo ne wanda ba ya fita. Don haka a dulmiyar da kan kowace ƙusa cikin katako, a shimfiɗa ƙyalle a kan gadon, a yi rataya da igiya ko gora maimakon waya. Siminti da toka da kanwa su ma suna duhunta fata, saboda haka takardar buhun siminti ba ta dace da naɗi ba. Hayaƙin janareta da na murhu yana ɗauke da iskar da ke zama tsami a jikin fata. A hankali yakan cinye ƙarfinta har fuskarta ta riƙa zuba kamar jan gari, kuma idan ta kai nan babu gyara.

Akwai kayan da bai kamata su kwana ɗaki ɗaya da jemammiyar fata ba: ɗanyun fatu masu gishiri, takin zamani, hatsi, da busasshen kifi. Gishiri da taki suna jawo laima, hatsi yana jawo ɓera. Maganar kifi tana tafe a gaba.

Yadda ake jera fatu

Fatun awaki da na tumaki an fi so a shimfiɗa su a miƙe, fuska ta kalli fuska, ciki ya kalli ciki, domin mai da burbushin ɓangaren nama kada su ɓata fuskar ta kusa. Kada tari ya wuce tsayin gwiwa, don na ƙasa kada su danne su rasa iska. A ware kowane launi daban. Jar fatar da aka rina da karan dafi takan zuba idan ta ji danshi, haske kuma yana kashe mata launi, fara kuwa rana tana duhunta ta. Ƙirgi sai a naɗe shi sako-sako a jikin gora mai kauri, fuskar tana waje don kada ta yi tamoji, a lulluɓe da ƙyalle a ɗaure da tsumma. Ninkewa ita ce ba a so. Inda aka ninke nan ne yake fara karyewa da rani, kuma baduku ba zai biya kuɗin fata mai layi a tsakiya kamar na lafiyayya ba.

A rufe tarin da tsohon zanen auduga ko buhun algarara mai tsabta. Jarida takan bar tawada. Leda kuwa, a ganina, ita ce ta fi kowane abu jawo wa masu ajiya asara a 'yan shekarun nan, domin tana da araha kuma ga ido kamar kariya ce. Na taɓa tsayawa wurin wani mai sarin fata da ya ƙunshe kayansa cikin manyan ledoji tun farkon damina don gudun yoyo. Ruwan sama bai taɓa su ba, amma da aka kwance sai ga fumfuna kore da fari ta haɗe fatun wuri guda. Laimar da ke cikin fatar ce ta fito da zafin rana, ta rasa hanyar fita, ta koma ta kwanta a kansu da dare. Idan dole ne a yi maganin yoyo, a ɗaura ledar a sama kamar rumfa, a bar gefe a buɗe.

Kula da laima

Ana samun ƙaramin ma'aunin laima mai batir a shagunan kayan kiwon kaji, domin masu ƙyanƙyasar ƙwai suna amfani da shi. Ƙungiyar majema tana iya sayen guda ɗaya. Wanda bai samu ba ya zuba gishirin miya a ɗan faranti ya ajiye kusa da fatun. Gishiri yana fara jiƙewa ne idan laimar iska ta kai wajen kashi 75, wanda ba a tace ba ma yakan riga haka. Duk ranar da aka ga ya dunƙule ko ya yi ruwa-ruwa, fatun suna cikin haɗari.

Da damina a buɗe tagogi da hantsi zuwa la'asar a ranar da gari ya washe, a rufe da yamma da kuma lokacin ruwa. Kowane mako a sauke tari, a kaɗe fatu ɗaya bayan ɗaya, a sha musu iska a inuwa, na ƙasa su koma sama. Wannan juyi yana da wahala, amma babu wani magani da yake maye gurbinsa. Da hunturu da bazara a rufe tagogin da ke fuskantar iska, a ƙara lulluɓi saboda ƙura, juyi sau ɗaya a wata ya wadatar. Idan an lanƙwasa gefen fata aka ji tana ƙara ko aka ga fuskarta tana neman tsagewa, a ajiye randa da ruwa a kusurwar ɗakin nesa da gadon. Kada a yayyafa wa fatar ruwa.

Fumfuna

Ba kowane farin abu a kan fata ne fumfuna ba. Da sanyin hunturu, man kaɗanya ko kitsen da ke cikin fata yakan fito ya daskare kamar hoda. A murza da yatsa ko a kusantar da ɗan ɗumi: idan ya narke ya ɓace, mai ne, gogewa kawai yake bukata. Fumfuna ba ta narkewa, tana da warin rima, kuma takan fito ɗigo-ɗigo.

Idan ita ce, a fitar da fatun da ta kama waje, a rufe hanci da baki da ƙyalle domin ƙurarta tana cutar da ƙirji. A bar su su bushe a inuwa tukuna, sannan a kaɗe da burushi mai laushi. Bayan haka a goge da ƙyallen da aka ɗan jiƙa da sifirit, amma a fara gwadawa a gefe domin yana iya ɗebe rini. A share gadon da ɗakin kafin a mayar da su. Tabon da ta riga ta yi ba zai fita duka ba.

A yi hattara da hoda ko ƙunshin maganin fumfuna da ba a san sunansa ba. A shekarar 2009 Tarayyar Turai ta haramta wani sinadari da ake sakawa cikin kujerun fata da kwalayen takalma don hana fumfuna, bayan ya ƙona fatar jikin mutane da yawa. Takalmi da laya da jaka a jikin mutum suke zama. Mai neman shawara kan maganin da ya halatta ya tuntuɓi cibiyar binciken fata ta tarayya da ke Samaru, Zariya, wadda ake kira NILEST.

Ƙwari, gara da ɓera

Ƙwaron da ya fi ɓarna shi ne ɗan baƙin nan da ake gani a kwandon banda. Wanda yake cin busasshen kifi shi ne dai yake cin fata, kuma a gari irin Jimeta inda kifi yake da yawa ba ya yankewa. Tsutsarsa mai gashi ce take ɓarnar. A lokacin zafi yakan kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba cikin mako biyar zuwa bakwai, kuma tsutsar takan huda katako ta ɓuya a ciki, shi ya sa share ƙasa kaɗai ba ya isa. Ya fi bin fatar da jima ba ta ratsa ba da mai ragowar nama. Buzu da sauran fatu masu gashi kuma asu yana cinsu. Alamarsa ita ce gashi ya riƙa zuba idan an kaɗe.

Busasshen ganyen darbejiya tsakanin fatu yana taimakawa wajen korar ƙwari, amma ba ya kashe waɗanda suka riga suka shiga. Kafur yana aiki ne a cikin rufaffen akwati kawai. A ƙulle shi a tsumma kada ya taɓa fata, a kuma nisanta shi daga yara, domin yana da guba, musamman ga jarirai. Kada a fesa maganin ƙwarin gona a jikin fata. Idan za a yi feshi, a fitar da kaya a fesa wa bango da ƙasa. Ƙwayar turaren rumbu mai fitar da iskar guba aikin wanda aka horar ne, kuma ba a sa ta a ɗakin da ke manne da inda mutane suke kwana. Game da gara, a duba ƙafafun gado da gindin bango kowane juyi, a rushe duk hanyar ƙasa da aka gani. Ɓera kuma a toshe masa ramuka, a sa tarko.

Idan ruwa ya shiga

Fatar da ambaliya ta jiƙa ba lallai ta zama asara ba idan aka yi sauri. A ɗauraye laka da ruwa mai tsabta ba tare da dogon jiƙo ba, domin ruwa yana wanke tanin. A shanya a inuwa, a miƙe, a shafa ɗan mai tun da sauran danshi, a riƙa murzawa tana bushewa. Kada a shanya ta a kan kwano ko kusa da wuta. Jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa tana ƙanƙancewa ta dunƙule idan zafi ya kai wajen digiri 70 zuwa 80, kuma ba ta komawa yadda take. Kwanon rufi da tsakar rana yana iya kusantar wannan zafi. Irin waɗannan fatu a fara sayar da su, kada a mayar da su cikin tarin lafiyayyu.

Ziyarar malamin gona

Ya kamata malamin gona ya kai ziyara aƙalla sau biyu: a watan Yuni kafin marka, domin a gyara rufi da gado, da kuma a Nuwamba lokacin da iska take juyawa. Idan ya shiga ɗaki ya fara da hanci, domin warin rima yana riga ido. Ya zaro fata daga ƙasan tari, ba daga sama ba, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya duba farantin gishiri. Ya kuma koya wa mai kayan ɗaura wa kowane tari ɗan ƙyalle mai ɗauke da watan da aka jeme shi, da boko ko da ajami, yadda wanda ya riga shiga zai riga fita kasuwa.